Ƙasar Tasu Ce, Itatuwan Namu Ne

Kurfi,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukayya da yara, Ya sa wa kasuwarka albarka, Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya kuma nuna mana watan azumi da ke ƙaratowa muna masu rai da lafiya. Mu nan Kurfi sai godiya. Ƙafar maigidana Malam Ilu ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci ba sanda, amma gardamar shan magani tana nan yadda ka san ta. 'Yata Surayya ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Nana Fatima, kuma kowa ya gan ta sai ya ce goshinka ta kwaso, Allah Ya sa kada ta haɗa da taurin kan. Gero ya yi kyau a gonarmu ta kusa. Ta wajen Tamawa kuwa bana ma ba mu noma ba, saboda halin da ake ciki, Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Da gangan na yi. A waya, da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce ga mai saye ya tsaya, ko ka ce ba ka ji na sosai, sai mu ƙare da gaisuwa. Takarda ba ta da wurin kashewa. Don haka ka sami wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci, domin ni ma da ɓacin rai na rubuta, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Maganar lambun kakanmu Malam Lado ce, na Dutsin-Ma. Abdullatif, ɗan Kawu Babba, ya shaida mini cewa ya kira ka, ka ce masa duk abin da maza suka yanke ya yi maka daidai. To, ina so ka san abin da ka amince da shi, domin na tabbata ba ka sani ba. Kai tun kana ƙarami ba ka da zaman jin labari. In Umma ta fara ba da tarihin lambun nan, kafin ta kai rijiya ka riga ka kai ƙofar gida.

Malam Lado ma'aikacin gandun daji ne a zamanin En'e. Aikinsa renon ƙananan itatuwa, in sun yi ƙwari a raba wa dagatai su dasa a bakin hanyoyi. Kullum akan bar waɗanda ba a so, karkatattu da ƙanjamammu, a ce a zubar. Shi kuwa ba ya iya zubarwa. Sai ya ɗora su a jaki ya kai wani fili da ya sara a bayan gari, gefen hanyar Kurfi, wurin da duwatsu suka yi yawa har ba mai sha'awar nomawa. Umma ta ce mutane sun sha yi masa dariya, ana cewa Lado ya buɗe asibitin itatuwa. Ya tarar da kuka da ɗorawa kaɗan a wurin, ya bar su. Ya jera maɗaci ta gabas, ya zagaye gefen arewa da bedi, wato dogon-yaro, ya cusa mangwaro da tsamiya duk inda ya sami ƙasa tsakanin duwatsu. Da hannunsa ya haƙa rijiyar nan, ya ɗaure bakinta da dutse, kuma shi ya mirgino manyan duwatsun da ake zama a kansu yanzu. An yi ta ba shi shawarar ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki da yara, ya ƙi. Ya ce shi kowane icce zai kewaye shi kaɗai har ya fi ƙarfin akuya, amma ba zai hana ɗan Adam hanya ba.

Yau in ka zo ba za ka ce bayan gari ba ne. Gari ya zagaye shi ta ko'ina, gidajen siminti da shaguna sun matse shi, shi kaɗai ya rage wurin da mutum zai zauna ba a tambaye shi me zai saya ba. Matan Kurfi da Ɗantutture nan suke sauke kaya ranar kasuwa su jira mota. Ɗaliban jami'a nan suke baje littattafai lokacin jarrabawa. A kan falalen dutsen nan na tsakiya ake salla, a kansa ake shanya ɗorawa, kuma mutanen unguwa in gida ya yi musu kaɗan nan suke kawo ɗaurin aure da zaman makoki. Balbelu suna nan a kan maɗatan, da yamma sai ka ga sun yi fari fat, kuma har yanzu shamuwa a kukar nan take fara sauka in damina ta kusa. Shekarun baya, da aka tashi ƙauyukan yamma, na ga mata da goyo suna kwana a ƙarƙashin mangwarorin nan kafin su sami masu karɓarsu, daga rijiyar Malam suka sha. Ban faɗa maka wannan don in sa ka kuka ba, sai don ka san ba kango ake magana a kai ba.

Ga kuma abin da kai da Abdullatif ba ku riƙe ba. Da Malam ya rasu ya bar maza biyu da mata biyu, wato kawunnanmu, da Umma, da Inna Rabi'atu. Mazan ba su so a yayyanka filin, sai aka yi sulhu irin wanda aka saba yi a ƙasar nan: maza su ɗauki ƙasa, mata su ɗauki itatuwa. Aka bi su icce icce ana cewa wannan na Rabi ne, wannan na yayarta ne. Inna ta ce ran nan kawunnanmu har murmushi suke ɓoyewa, a ganinsu sun yi wa mata wayo, domin a lokacin wa ya ɗauki icce a bakin komai? Su kuwa matan suka karɓa ba musu, suka ci gaba da dokar mahaifinsu: abin da ya faɗo ƙasa na kowa ne, abin da ke sama sai an nemi izinin mai shi. Haka ake yi har yau. Mai son ganyen kuka ko kalwa ko ɓawon maɗaci, gidan Inna take aikawa, ko ta aiko mini nan Kurfi tun bayan rasuwar Umma. Duk matan unguwar sun san wannan kamar yadda suka san sunayen 'ya'yansu. Maza ne kawai ba su sani ba, domin namiji bai taɓa tambayar daga ina daddawar miyarsa ta fito ba.

Kawunnanmu duka sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, magana ta koma hannun Abdullatif. Ka san shi a Kaduna ya tashi, inda in an sayar da fuloti an sayar da duk abin da ke cikinsa. Sai ya tara 'yan'uwansa maza, suka sayar wa Alhaji Zaharaddin mai hatsi, wanda ke son ya gina gidan mai da jerin shaguna. Ba wanda ya taka ya gaya wa Inna, ga ta da ranta cikin garin. Ni ma ban ji ba sai ranar da na shiga Dutsin-Ma kai wa Surayya kayan jego. Ina sauka daga mota na ga kowane icce an shafa masa jan fenti a ƙugu, na ji kukan injin yanka icce, kafin in ƙarasa babban maɗacin nan na kusurwa ya kwanta. Mas'ud, ƙarar faɗuwarsa har cikin cikina na ji ta. Balbelu suka tashi suna ta kewaya wurin, sun rasa inda za su sauka.

Ban san lokacin da na yar da ƙunshin kayan ba. Na je na tsaya a gaban mai injin, na tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce shi aiki aka sa shi. Na ce to aikin ya ƙare, in kuwa zai ci gaba sai dai ya fara ta kaina. Bawan Allah, ya ga da gaske nake, ya kashe injinsa. Na aika aka ɗauko Inna a keke napep. Ka san yanzu ba ta gani sosai, amma da aka sauke ta sai ta lalubi kututturen da aka yanke, ta shafa shi, ta faɗi sunan wanda ya taya Malam dasa shi. Ba ta yi kuka ba. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin kuka, ta ce a gaya wa ɗan wanta ga ta nan, in ya sayar da ita ma a zo a shafa mata fentin. Kafin azahar matan unguwa sun cika lambun, kowace ta zo da abin zamanta, wasu har da tsintar shinkafarsu, kowace ta zaɓi icce ta jingina.

Da Abdullatif ya iso, sai ya ɗauko wasan taubasantaka, wai ni baƙauyiyar Kurfi me na sani game da cinikin fili. A wata rana da na rama har ya gudu. Ran nan na ce masa ya ajiye wasa a gefe, yau ba taubashiyarsa ce a gabansa ba, mai icce ce. Na gaya masa ƙasa tasu ce, ba mai ja, su sayar da ita ga wanda suka ga dama, su kwashe ta a tifa in suna so, amma abin da ya tsiro a kanta ba nasu ba ne, kuma ba a sayar da abin wani. Ya ce in kawo takarda. Na ce lokacin da aka yi rabon nan ba a haifi mai tambayar takardar ba.

Aka kai magana gaban dagaci. Can ma takarda aka fara tambaya, babu. Aka tambayi wanda ya halarci rabon, duk sun mutu sai Inna, ita kuwa ba ta yi wa kanta shaida. Dattawa maza suka yi ta sunkuyar da kai, wannan ya ce ya taɓa jin wani abu mai kama da haka, wancan ya ce shi ba zai rantse ba. Ana cikin haka sai aka yi sallama, aka ce wata tsohuwa na neman iso. Wa za a gani? Hajiya Hussaina, mahaifiyar Alhaji Zaharaddin. Ba mu muka kira ta ba, a bakin mata ta ji. Ta zauna, ta gaida dagaci, ko kallon ɗanta ba ta yi ba. Ta ce tun tana amarya a unguwar nan ba ta taɓa tsinkar ganyen kukar lambun Lado ba sai ta aika gidan Rabi, kuma duk shekarar da ta ɗebi kalwa sai ta mayar da curin daddawa tukwici, wani ga Rabi, wani ga marigayiya yayarta. Ta ce in itatuwan na maza ne, to a gaya mata wa ta yi shekara da shekaru tana roƙo. Ta ƙara da cewa da wannan miyar ta yaye wanda ya turo inji. Alhaji ya cire hularsa ya riƙe a hannu, har aka tashi bai ɗaga kai ba.

Dagaci ya yanke cewa cinikin ƙasa ya tabbata, amma itatuwa na masu su ne, ba wanda zai taɓa ko reshe sai da yardarsu. Alhaji ya ba Inna haƙuri a kan maɗacin, ya ce a faɗi abin da zai biya. Inna ta ce ya dasa wani a gurbinsa ya yi ta ba shi ruwa da kansa. Washegari ta sa aka kira liman, a gaban mutane ta ce duk itatuwanta ta bayar sadaka ga mahaifinta da mahaifiyarta, a sha inuwa, a ci 'ya'ya, ba sayarwa, ba sarewa, ko bayan ranta. Ka ga ta nan ta rufe ƙofa, ko 'ya'yanta ba su da ta cewa.

Kada ka ɗauka Alhaji mugun mutum ne. Ɗan kasuwa ne, ya sa dukiyarsa a wuri, dole ya nemi mafita, kuma ya samo ta. Itatuwan Inna duk a ciki suke. Na Umma kuwa yawancinsu sun mutu ko iska ta kayar, saura uku, kuma su ukun ne a bakin titi, daidai inda mota za ta shiga. In ya same su, zai gina gidan mansa a gaba, ya toshe lambun da bango, sauran su zama bayan shago inda ake zubar da shara da baƙin mai. In bai same su ba, ba abin da zai iya ginawa, kuma ya riga ya faɗa cewa sai dai a warware cinikin. Ni na so in yi yadda Inna ta yi, amma liman ya ce ba ni da ikon yin sadaka da abin da ba a raba ba. Mu biyu Umma ta bari. Kai namiji ne, biyu naka, ɗaya nawa. Ban yi musu ba, hukuncin Allah ne, kuma ban taɓa jin haushinsa ba. Abin da nake gaya maka shi ne, yanzu lambun nan gaba ɗaya a bakinka yake, kuma Alhaji ya karɓi lambarka.

Ga su nan, tunda na san ba za ka iya kawo su ba. Akwai tsamiyar da ke dama da shiga, mai kogo, wadda Umma ke kaɗewa duk shekara ta raba wa unguwa ta kunun azumi. Akwai mangwaron da ke kusa da ita, wanda reshensa ya sauko har ƙasa, inda take zama ta tsefe mini kai in mun kai wa Malam abinci. Sai maɗacin hagu, wanda gefensa ɗaya duk tabon sassaƙa ne, domin shekarar da zazzaɓi ya kusa tafiya da kai, daga jikinsa ta yi ta ɓaro ɓawo tana dafawa, tana yi maka wanka, tana ɗura maka kana tofarwa. Tabon bai rufe ba har yau, kana iya zuwa ka sa hannu.

Ba roƙonka nake yi ba, ka ji da kyau. Na san kasuwa ta yi nauyi, na san hayar gida a can ba wasa ba ce, kuma haƙƙinka haƙƙinka ne. In ka ga sayarwa ce ta fi maka, ba zan kai ka gaban kowa ba, ba zan kuma daina gaishe ka ba. Amma abu ɗaya ne ba zan yi maka ba: ba zan zaɓa ba. Abdullatif ya ce don a sauƙaƙa, in ɗauki ɗaya da nake so, sauran biyun su zama naka, shi ke nan sai ka amsa a waya da kalma ɗaya. Na ƙi. Ba za a ce Saudatu ta ɗauki nata, abin da ya rage aka sare ba. Kai za ka kira sunansu da bakinka, ka ce tsamiyar Umma da mangwaronta, ko ka ce mangwaro da maɗaci, a gaban liman da Inna, ko da ta waya ce a buɗe murya kowa ya ji. Wanda ka bari shi ne nawa, kuma a ranar zan bayar da shi sadaka ga Umma. Ko icce ɗaya ne ya rage a bakin titin nan, sai dai Alhaji ya karkata bangonsa ya kewaye shi, kuma duk ranar kasuwa a gindinsa za a same ni.

Ka gaishe mini da Rukayya da kyau, ka ce na gode da atamfar da ta aiko. Ka shafa mini kan Yazid da Fahad, ka ce wa Jannat gwaggonta na nan na jiran hoton saukar Alƙur'aninta. Malam Ilu yana gaishe ka, Surayya da maigidanta suna gaishe ka. Inna Rabi'atu ta ce a gaishe ka, ta ce ba ta da saƙo, wai kai ɗan yayarta ne, ka san abin da ya kamata.

Direban da zai ba ka takardar nan zai haɗa maka da ƙullin tsamiya, irin wanda nake aiko maka duk gabanin azumi kana cewa Yaya an gode da tsaraba. Ba tsaraba ba ce, ban taɓa yi maka kyautarta ba. Tun shekarar da Umma ta rasu, in na kaɗe sai in kasa uku in aiko maka biyu. Kasonka ne na bana. Ka ba Rukayya ta dama maka kunu, ka sha, sannan ka ɗauki wayar Alhaji.

Allah Ya yi mana jagora, Ya jiƙan iyayenmu. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Saudatu